Ayaba a Lambun Gida: Daga Dashe Zuwa Fure

A cikin duk abin da ake dasawa a gida don a ci 'ya'yansa, kaɗan ne suka kai ayaba saurin biyan mai ita. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan shekara biyar ko fiye kafin a ga 'ya'yansa na fari. Ayaba kuwa, idan ta sami zafi daidai da ruwa da taki, takan fitar da fure cikin wata 9 zuwa 12 da dasawa, a sare nononta bayan wata 3 ko 4. Wannan shi ne lissafin wuraren da ruwan sama ke sauka kusan duk shekara. A ƙasar Hausa, inda rani ya fi damina tsawo nesa ba kusa ba, ayabar da aka bar wa Allah takan kai wata 15 zuwa 18 ba ta nuna alamar fure ba, wata ma ta haura haka. Dalilin wannan tazara yana cikin yadda jikin ayabar yake, saboda haka daga nan ya kamata a fara.

Ko da yake tsayinta yakan kai mita 2 zuwa 5, gwargwadon iri, ayaba ba ta da katako ko kaɗan a jikinta. Masana tsirrai suna lissafa ta cikin ganyayyaki masu laushin jiki, kuma tana daga cikin mafiya girma a wannan rukuni. Abin da ido ke gani a tsaye, wanda ake ɗauka kututture ne, gindin ganyaye ne da suka nannaɗe juna tamau, wani cikin wani. Ainihin jikinta yana ƙarƙashin ƙasa: wani dunƙulallen gindi mai nama, wanda saiwoyi ke fita daga gefensa, 'ya'yan dashe su tsiro daga jikinsa, sannan a tsakiyar samansa akwai idon da kowane ganye ke fitowa daga gare shi. Sabon ganye yakan faro daga wannan ido, ya bi ta tsakiyar jikin ayabar a naɗe, ya huda ta sama, sannan ya warware. Wanda ya taɓa sare ƙaramar ayaba a tsakiya da adda ya ga shaidar wannan: washegari zai tarar tsakiyar wurin da aka sare ta turo sama da 'yan santimita, fara sol, a murɗe, tana ci gaba da fita abinta.

Daga nan ake gane ma'aunin girman ayaba, wato yawan ganyen da ta fitar. Kafin ta yi fure sai ta fitar da ganye wajen 30 zuwa 40, ko da yake ba a ganinsu duka a lokaci guda, domin na ƙasa suna bushewa yayin da na sama ke fitowa. Lafiyayyar ayaba takan riƙe ɗanyen ganye 10 zuwa 15 a jikinta. A lokacin da yanayi ya yi mata daɗi, ganye ɗaya take fitarwa a kowane mako, ko cikin kwana 7 zuwa 10. Lissafin a bayyane yake. Ganye 35 a kan kwana 8 kowanne ya kama kwana 280, wato wata 9 da 'yan kwanaki. Idan kuwa ƙishi ko sanyi ya sa ta koma fitar da ganye ɗaya cikin mako biyu, wannan adadin ganyen zai ci wata 16. Ayabar nan ɗaya ce, irin ma ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne saurin fitar ganye. Saboda haka mai lambun da ke son sanin halin da ayabarsa take ciki yana da hanya mai sauƙi: ya ɗaura zare a gindin sabon ganyen da ya warware yau, bayan wata guda ya ƙirga waɗanda suka fito a samansa. Huɗu alama ce ta lafiya. Biyu ko ɗaya kuwa na nuna akwai abin da ta rasa.

Abu na farko da ke juya wannan sauri shi ne zafi. Asalin ayaba daga kudu maso gabashin Asiya ne da tsibirin Niyu Gini, inda masu binciken kayan tarihi suka gano alamun nomanta a fadamar Kuk tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Ƙasashe ne masu ɗumi da laima, ba su san hunturu ba, kuma har yau ayaba ba ta bar halin mahaifarta ba. Ta fi sakewa a tsakanin digiri 26 da 30 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 16 sai girmanta ya ja baya sosai, idan ya kusa digiri 10 kuma sai ta tsaya cik. Ta ɗaya ɓangaren, zafin da ya haura digiri 38 yana tsayar da ita, har ya ƙone gefen ganye. Wanda ya san yanayin Kano ko Katsina ko Maraɗi zai ga matsalar nan take: dararen Disamba da Janairu sukan sauka har wajen digiri 12 ko 13, ranakun Afrilu kuma su kai 40. Ke nan a shekara guda ayaba tana gamuwa da cikas biyu, ɗaya na sanyi ɗaya na zafi, kuma dukansu suna faɗawa cikin watannin da ba a ruwan sama. A tudun Jos sanyin ne ya fi damunta, don haka girmanta a can ya fi na sauran wurare jinkiri.

Abu na biyu shi ne ruwa, kuma a nan ne mai lambun gida yake da ta cewa, tun da ba shi da iko a kan sanyi da zafi. Ganyen ayaba guda yakan kai mita 2 a tsawo, faɗinsa ya haura rabin mita, kuma ta wannan faffaɗan ganye ruwa ke fita duk yini. Babbar ayaba a ranar da rana ta buɗe sosai tana iya shan lita 20 zuwa 25, wato jarka guda cur. Ga shi kuma saiwoyinta ba sa nitsewa can ƙasa. Mafi yawansu suna cikin rabin mita na saman ƙasa, suna bazuwa gefe har mita 2 ko fiye. Da saman ƙasa ya bushe, ayaba ta shiga ƙishi, ko da akwai danshi a can ƙasa da mangwaro ko darbejiya za su iya kaiwa. Buƙatarta ta kai milimita 100 na ruwa ko fiye a kowane wata, ba tare da yankewa ba. Kano kuwa takan sami kimanin milimita 800 zuwa 900 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. Shi ya sa mafi yawan ayabar da ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa daga kudu ake kawo ta, kuma shi ya sa wadda ake gani a arewa ba ta wuce fadama, bakin rafi, gefen rijiya, ko inda makwararar gida ke zuba.

Alamar ƙishi ba ta ɓoyuwa. Da tsakar rana ɓangarorin ganyen biyu sukan sunkuya ƙasa daga jijiyar tsakiya, su kusa haɗuwa. Idan da yamma suka miƙe, ba komai, kare kanta take yi daga rana. Idan kuwa aka wayi gari suna nan a sunkuye, ruwa ya gaza. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka da na wankin hatsi duk suna yi mata amfani, kuma gidan da ya karkata makwarararsa zuwa gindin ayaba ya yi dabara. Sai dai ruwan da ya cika omo ko bilic yana tara gishiri a ƙasa, ayaba kuwa ba ta jure gishiri, gefen ganyenta yakan ƙone. Haka nan ruwan da ke kwanciya a gindinta kwana da kwanaki yana ruɓar da saiwa. Danshi take so wanda ba ya yankewa, ba tabo ba.

Ci gare ta kamar yadda take da sha. Tana buƙatar sinadarin naitirojin don ganye, amma abin da ta fi ja daga ƙasa shi ne fotasiyam, wanda tokar murhu ke ɗauke da shi. Ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki ko na kaji, da tokar itace kaɗan-kaɗan, da sharar ganye da ɓawon kayan miya, sun ishi ayabar gida. A zuba su a zagaye, ɗan nesa da jikinta, inda bakin saiwoyi yake, sannan a lulluɓe da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko tsofaffin ganyen ita kanta ayabar. Wannan lulluɓi yana rage yawan ban-ruwa ƙwarai a watannin bazara. Ƙasar jigawa tana buƙatar taki fiye da ƙasa mai danƙo, domin ruwa na wucewa da abincin.

Irin dashen da aka fara da shi ma yana ƙara ko rage watanni. A gindin uwa akan ga 'ya'ya iri biyu. Akwai mai kaurin gindi da siririn sama, ganyensa 'yan sirara masu tsini. Wannan yana manne da uwa sosai, yana shan abincinta, kuma shi ne dashe nagari. Akwai kuma mai siririn jiki da ya yi saurin buɗe faffaɗan ganye tun yana ƙarami. Kyansa a ido ne kawai, gindinsa ƙarami ne, yakan yi jinkirin fure kuma nononsa ba ya auki. Sabon shiga yakan zaɓi na biyun don ya fi kama da ayaba, kuma wannan kuskuren yana cin watanni. Dashen da ya kai mita 1 ko ya ɗan haura, aka raba shi da uwa da kaifin shebur tare da dunƙulen gindinsa, shi ya fi. A fere gindin da wuƙa, a cire tsofaffin saiwoyi da duk inda ya yi baƙi ko ya nuna ramin tsutsa, domin ƙwaron gindin ayaba da ƙananan tsutsotsin saiwa ta jikin dashe suke bi su shiga sabon wuri. Masu bincike na cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, sun yaɗa dabarar tsoma fereren gindin cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30 kafin dasawa don kashe su. Rami mai faɗi da zurfin kusan rabin mita, a cakuɗa ƙasarsa da taki, da tazarar mita 2 zuwa 3 tsakanin gindi da gindi, sun wadatar. A gidan da ake kiwo kuma dole a kewaye dashen, domin akuya ɗaya tana iya cinye ganyen wata biyu cikin yini guda.

Wuri mai rana sosai take so, amma wanda katanga ko danga ta tare masa iska. Iskar hunturu da guguwar farkon damina suna yayyaga ganyen. 'Yar yagewa ba ta da illa, amma idan ganye ya koma zare-zare aikinsa ya ragu. A gidajen da iska ta yi yawa, gajeren irin Kabandish, wanda ba ya wuce mita 2 ko 2 da rabi, ya fi dogon iri kwanciyar hankali.

Yanzu sai batun furen kansa, wanda shi ne mafi muhimmanci a wannan bayani, kuma shi ne aka fi jahilta. Furen ayaba ba a sama yake samuwa ba. A can ƙasa yake farawa, a idon nan da ke fitar da ganye. Idan ayaba ta tara ƙarfi isasshe, sai idon ya daina ƙirƙirar ganye ya koma ƙirƙirar fure. A lokacin akwai ganye wajen 10 ko 11 da aka riga aka ƙirƙira suna jere a cikin jikinta ba su fito ba tukuna, kuma sai sun fita ɗaya bayan ɗaya kafin furen ya biyo bayansu. Ma'ana, furen yakan yi kimanin wata 3 a ɓoye, yana hawa ta tsakiyar jikin a kan wani farin kara, alhali daga waje babu abin da ya sauya. Manomi ya san yadda gero ke yin ciki kafin ya fid da kai. Haka abin yake ga ayaba, sai dai nata cikin ya fi daɗewa kuma ya fi ɓoyuwa.

Abin lura shi ne, yawan jeren 'ya'yan da nono zai ɗauka, da yawan 'ya'yan da ke kowane jere, a farkon wannan ɓoyayyen lokaci ake yanke su. Ruwa da takin da aka zuba bayan fure ya bayyana suna ƙara wa 'ya'yan kauri, amma ba za su ƙara ko ɗaya a kan adadinsu ba. A ɗauki ayabar da aka dasa a Zariya ko Kano a watan Yuni. Zuwa ƙarshen Oktoba ta fitar da ganye 15 ko fiye. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi zai rage mata sauri, ta riƙa yin wajen biyu a wata ko da ana ba ta ruwa. Idan ɗumi ya dawo sai ta farfaɗo, furen ya bayyana wajen Mayu zuwa Yuli. A koma baya wata 3 daga nan, sai a faɗa cikin Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, zafi ya tsananta, kuma mai gida ya fi gajiya da ban-ruwa. A daidai wannan lokacin ake yanke girman nonon. Mutane da yawa sukan yi mamakin ganin ayabarsu ta yi kore shar a damina amma ta fitar da nono mai jere uku ko huɗu kacal, su ɗora laifin a kan iri. Sau da yawa laifin na ƙishin bazarar da ta wuce ne. Idan ruwan gida bai isa a ba ta duk rani yadda ya kamata ba, waɗannan watannin ne bai kamata a yi mata rowa ba.

Ana gab da fure akan ga alamu. Saman jikin yakan ɗan kumbura, ganyayen ƙarshe su fito kusa-kusa, sannan wani gajeren ganye ya fito a tsaye, wanda bai kai rabin sauran ba. Shi ne na ƙarshe. Bayan 'yan kwanaki sai kan furen ya leƙo, babba, mai tsini, launinsa ja mai duhu. Da fari sama yake kallo, sannan nauyinsa ya rinjaye shi ya sunkuyo. Daga nan ɓawonsa zai riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, kusan kullum guda, kowanne ya nannaɗe baya ya faɗi, ya bar jeren 'yan ƙananan ayaba a layi biyu, kowace da ɗan fure a bakinta. Waɗannan su ne furanni mata, kuma su ne ke zama 'ya'ya. Cikin mako ɗaya zuwa biyu duk jeren sun gama bayyana. Ayabar gida mai lafiya takan ba da jere 6 zuwa 10, kowanne da 'ya'ya 10 zuwa 20. Sauran furannin da ke biyowa maza ne, suna zubewa, su bar kara tsirara da jan kan nan yana reto a ƙarshensa. 'Ya'yan da farko ƙasa suke kallo, sannan su lanƙwaso sama a hankali, kuma daga nan ayaba ta samo lanƙwasarta.

Ƙudan zuma da jemagu suna zuwa shan zaƙin furen, amma ayabar da ake ci ba ta buƙatar barbara. 'Ya'yanta suna cika da kansu ba tare da iri ba; 'yan baƙaƙen ɗigon da ake gani a tsakiyarta ragowar irin da bai ƙullu ba ne. Ayabar daji ta Asiya, wadda ta gida ta samo asali daga gare ta, cike take da ƙwallaye masu tauri. Don haka gindi ɗaya tak a gida ya isa ya yi 'ya'ya, kuma ba laifi a yanke jan kan idan jeren ƙarshe ya gama fita, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya a ƙasansa. A yi hattara da ruwan da ke ɗiga daga wurin yankan, domin tabonsa ba ya fita daga tufa. Wasu nau'o'in agade, irin wanda ake kira Agbagba a kudancin Najeriya, kan nasu yakan shanye da kansa tun kafin nono ya ƙosa.

Furen da ya zo fita a tsakiyar sanyi yakan gamu da wata matsala, musamman a gajeren iri: wuyan ayabar yakan tsuke, nonon ya maƙale bai gama fita ba, 'ya'yan su fito a karkace. Wannan ma wani dalili ne na tsara dashe yadda fure zai faɗo cikin ɗumi.

Daga ranar da fure ya fito, ayaba ba za ta sake yin ganye ba ko ɗaya. Waɗanda ke jikinta su ne za su ciyar da nonon har ya cika, kuma ana so a ce akwai lafiyayyu 8 zuwa 10 a lokacin. Saboda haka yankan ɗanyen ganye don naɗe abinci ko don ba dabbobi a wannan lokaci hasara ce kai tsaye. Busasshe kaɗai ake cirewa. Idan nono ya yi nauyi jikin ya fara karkata, sai a tokare shi da gwafa ko gora, don iskar hadari tana kayar da ayaba mai ɗauke da nono cikin sauƙi. A lokacin ɗumi nono yakan ƙosa cikin kwana 90 zuwa 120. Idan ya ratsa hunturu yana iya kai wata 5. Ana gane ƙosawa daga siffar 'ya'yan: ɗanyu suna da kusurwoyi masu kaifi a tsawonsu, idan suka cika sai kusurwoyin su shafe, jikin ya yi mulmul, busasshen furen bakinsu ya karye da an taɓa. A nan ake sarewa tun suna kore, a rataye a inuwa su nuna. Idan aka bar su su nuna a jikin uwa sukan tsage, tsuntsaye da jemagu su riga mai gida.

Kowane jiki sau ɗaya yake haihuwa. Bayan an sare nono sai a sare uwar, a daddatsa jikinta a shimfiɗa a gindi ya zama taki, ɗan da ke gefenta ya gaje ta. Tsarin da ya fi shi ne a bar uku kawai a kowane gindi: uwa mai ɗauke da nono, 'ya mai rabin tsayinta, da jika ɗan ƙarami. Sauran a cire su, a dasa a wani wuri ko a bayar, domin gindin da aka bari ya cunkushe da 'ya'ya bakwai ko takwas yakan yi ganye da yawa, fure ya yi jinkiri, nono ya ƙanƙance. Da yake 'yar ta riga ta yi nisa tun uwar na tsaye, kuma tana cin gajiyar saiwoyi da gindin da suka kafu, nono na biyu yakan zo cikin ƙasa da lokacin da na farko ya ɗauka, sau da yawa kuma ya fi shi girma. A gona, musamman ga agade, amfanin yakan ragu bayan girbi biyu ko uku, saboda ƙasa ta gaji, ƙwari sun taru, gindin kuma ya riƙa hawowa saman ƙasa. A gidajen kudu maso gabashin Najeriya kuwa, inda ake zuba toka da sharar kicin a gindin agade kullum, gindi ɗaya yakan yi shekaru da yawa yana bayarwa. Idan aka ga gindin ya fito fili, saiwoyi sun bayyana, sai a tara masa ƙasa da taki. Idan kuma nono ya ci gaba da ƙanƙancewa duk da haka, lokaci ya yi da za a ɗebi lafiyayyen dashe a koma sabon rami.